Uwa ɗaya uba ɗaya, sunan gida huɗu: yadda Faransawan Kanada ke raɗa suna

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu ban leƙo ba, aiki ya yi yawa, ga sanyi ya fara shigowa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi gaban manya.

Waɗanda suka san ni sun san ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Montreal. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa hidima, ta haura shekara 90 amma hankalinta garau. Rannan ta sa na sauko mata da wani kwali daga saman kabad, cike da takardu da tsofaffin hotuna. Ta nuna mini hoton kakanta da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a bayan hoton an rubuta wa ɗaya Roy, ɗayan kuma Desjardins. Na ce mata ko ɗayan agola ne? Ta ce a'a, asalin sunan gidansu "Roy dit Desjardins" ne, wato Roy wanda ake ce wa Desjardins. Da tafiya ta yi tafiya, wani ya riƙe na gaba, wani ya riƙe na baya. Jikokin ƙanen da suka tsallaka Amurka aikin masaƙa kuwa yanzu Gardner suke amsawa, wasu dangin kuma King.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne mu ma a Nijar muna da wannan "dit" ɗin. Kawuna a Damagaram, a katinsa an rubuta sunansa na yanka, sai "dit", sai laƙabin da duk unguwa ta san shi da shi. Ina tsammani abinmu ne, ashe har nan. Wa ya san asalin abin?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Wallahi ni ma babana haka yake a takardar haihuwarsa. In ka je neman sa da sunan yanka a kasuwa, sai ka wuni ba ka samu wanda ya gane shi ba.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin taɓo inda nake so. Kalmar "dit" Faransanci ce, ma'anarta "wanda ake ce wa". Hanya ɗaya ta kai ta Kebek (lardin Kanada da Montreal take ciki) da Nijar, wato alƙalamin magatakardan Bafaranshe, sai dai tsakanin zuwanta can da zuwanta nan akwai shekaru sama da 200.

Bari in fara daga tushe. Samuel de Champlain ya kafa birnin Kebek a 1608, aka kafa Montreal a 1642, amma shekaru da dama mutanen ba su taka kara sun karya ba, kuma galibi maza ne. A 1665 Sarkin Faransa Louis na 14 ya aiko da rundunar Carignan-Salières, soja wajen 1,200, don yaƙi da ƙabilun Irokwa, 'yan asalin ƙasar. A sojan Faransa na lokacin, kusan duk wanda ya shiga sai an laƙaba masa sunan bariki, kuma da shi ake kiransa. Ku ji irinsu: Lafleur, wato fure. Jolicoeur, mai kyakkyawar zuciya. Sansregret, ba nadama. Sanschagrin, ba baƙin ciki. Lajeunesse, ƙuruciya. Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Da aka gama yaƙi, wajen 400 daga cikinsu ba su koma gida ba, suka karɓi gonaki a bakin kogin Saint-Laurent suka zauna, laƙabinsu ya zauna tare da su, 'ya'ya suka gada.

To sunan da tsohuwarki ta ambata sananne ne ga masu bin salsala. Antoine Roy dit Desjardins sojan wannan runduna ne, ya auri Marie Major a 1668. Ita kuwa tana cikin matan da ake kira "'yan matan sarki", mata wajen 800 da gwamnatin sarki ta biya wa kuɗin jirgi tsakanin 1663 da 1673 don su je su yi aure a can, da yawansu marayu ne. Roy na nufin sarki, shi ya sa na Amurka suka mayar da shi King. Desjardins na nufin na lambuna, shi ya zama Gardner. Kin ga suna huɗun nan duk bishiya ɗaya ce.

Ba soja kaɗai ba ne. Wani garinsu ko yankinsu ake laƙaba masa, kamar Langevin ga mutumin Anjou, ko Picard. Wani kuma inda gonarsa take. Babban dalilin da ya sa abin ya yi ƙarfi a can shi ne ƙarancin sunayen: waɗanda suka zo daga Faransa suka zauna suka bar zuriya ba su kai 10,000 ba, ga haihuwa da yawa. In ƙauye ɗaya yana da Jean Roy biyar, dole a sami abin bambancewa.

Baban Yara:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan ai shi ne Audu Dogo da Audu Gajere da Audu Mai Shayi.

Malamin Tarihi:
Shi ne fa, Alhaji. Bambancin kawai su limamin cocinsu ya rubuta duka biyun a kundi, sunan gado da laƙabi gefe da gefe. A cikin ƙarni na 19 ne al'adar ta yi ta ja da baya, kowane gida ya zaɓi ɗaya ya saki ɗaya. A nan ne wa da ƙane suke rabuwa, kamar na hoton nan.

Ɗalibin Kebek:
Salam. Ina karatu a nan birnin Kebek, bari in ƙara wani abu da ya ba ni wahala da farko. Ba sunan gida kaɗai ba ne, sunan mutum na kansa ma akwai magana. A al'adar Katolika ta nan, musamman daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, in an kai jariri baftisma, namiji sai a fara masa da Joseph, mace a fara mata da Marie. Na biyu galibi sunan uban baftisma ne ko uwar baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa jaririn a coci. Na ƙarshe shi ne wanda za a riƙa kiransa da shi a gida. Misalin da kowa zai iya dubawa: Jean Chrétien, wanda ya yi firaministan Kanada daga 1993 zuwa 2003, cikakken sunansa Joseph Jacques Jean Chrétien. Pierre Trudeau, wani tsohon firaministan, shi ma da Joseph sunansa ya fara. Saboda haka in ka buɗe kundin coci ka ga gida ɗaya maza bakwai duk Joseph, mata shida duk Marie, ba kuskure ba ne.

Wani abin kuma, in yaro ya rasu yana ƙarami, sau da yawa sai a mayar wa na bayansa sunan. Mai bincike in bai lura da shekaru ba sai ya haɗa rayayye da mamaci ya mai da su mutum ɗaya.

Hajiya Inna:
Ikon Allah. Wannan ai kamar Muhammadu ne a wurinmu. Gidanmu maza biyar duk Muhammadu ne a gaba: Muhammadu Sani, Muhammadu Rabi'u, Muhammadu Bello, haka. Ba wanda ake kira da Muhammadun, amma yana nan don albarka. Ashe su ma neman albarkar suke yi ta hanyarsu.

Amma Chrétien ɗin nan, su nawa ne a gidansu? Na ji ka ce bakwai da shida kamar abin wasa.

Ɗalibin Kebek:
Hajiya, su 19 ne a wurin mahaifiyarsu, shi ne na 18, ko da yake da yawa sun rasu suna jarirai. Mawaƙiya Céline Dion ita ce auta a cikin 14. Har doka gwamnatin Kebek ta yi a 1890 ta ba da gona eka 100 ga duk gidan da ke da 'ya'ya 12 a raye. Daga shekarun 1960 ne abin ya juye, mutane suka ja baya da coci, haihuwa ta ragu ƙwarai. Wannan yawan haihuwar ne ya sa sunaye ƙalilan suka cika ƙasa. Tremblay shi ne sunan da ya fi yawa a Kebek, kuma tushensu mutum ɗaya ne, Pierre Tremblay, wanda ya zo daga yankin Perche na Faransa a 1647. Bayansa sai su Gagnon, Roy, Côté, Bouchard.

Baban Yara:
To ni fa a nan nake da ja. Kuna ta yabon abin, amma ni ruɗani nake gani. Mutum yana da sunan gida biyu, sunan kansa uku, ɗan'uwansa ya tafi Amurka ya fassara nasa. Me ya bambanta su da mu da ake cewa ba mu da tsari? Yarona shekara guda muna zarya saboda a takardar makaranta an sa masa sunan garinmu, a katin ɗan ƙasa sunana, a banki sunan kakansa. Da mu ne muke da "dit" ɗin nan da an ce rashin wayewa ne.

Malamin Tarihi:
Alhaji, gaskiyarka a rabi. Ruɗanin akwai shi, har ya fi namu a wasu wurare, domin limamai suna rubuta suna ne yadda kunnensu ya ji, mafi yawan mutanen kuma ba su iya sa hannu ba balle su gyara. Mutum ɗaya sai a same shi da rubutu iri uku tsakanin baftisma da aure da jana'iza. Amma ga inda suka tsere mana. Duk auren da aka ɗaura, limami yana rubuta sunan ango da na iyayensa biyu, sunan amarya da na iyayenta biyu, da garin da suka fito. Kuma kundi biyu ake yi, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a kai kotu. In gobara ta ci ɗaya, ɗaya na nan. Har zuwa ƙarshen 1993 waɗannan kundaye su ne rajistar hukuma a Kebek, sai a 1994 gwamnati ta karɓi aikin.

Saboda haka ko sunan ya canza sau goma, kana da igiyar da za ka bi: auren ɗa yana kai ka ga auren uba, na uba ya kai ka ga na kaka, har ka isa kan wanda ya sauko daga jirgin ruwa. Wani limami, Cyprien Tanguay, ya zagaya coci-coci ya tattara wannan a mujalladi bakwai tsakanin 1871 da 1890. Daga baya cibiyar Drouin ta ɗauki hoton shafukan kundayen, Jami'ar Montreal kuma ta zuba na farko-farkon a kwamfuta. Ba tsayayyen suna ne ya cece su ba, rubuta dangantaka ne.

Hajiya Inna:
Malam ka ce sunan amarya da na iyayenta biyu. Wato matar ba ta ɓacewa a cikin sunan miji ke nan?

Maman Hanifa:
Hajiya, wannan shi ne abin da ya fi burge ni da na zo. A nan Kebek mace ba ta ɗaukar sunan miji a takarda. Tun 1981 doka ce, sunan da aka haife ki da shi, da shi za ki ci gaba a katin asibiti da lasisin mota da komai. A wurin aikinmu tsofaffin da suka yi aure kafin dokar sun saba a kira su da sunan mazajensu, amma katin asibitinsu da sunan gidan ubansu yake. Ranar farko na ɗauka fayil ɗin wata ne daban.

Ɗalibin Kebek:
Kuma a kundin coci tun farko haka ne, mace da sunan gidan ubanta ake rubuta ta daga haihuwa har kabari. Shi ya sa ake iya bin tsatson uwa a nan cikin sauƙi, abin da ke wahalar da masu bincike a wuraren da Ingilishi suka yi mulki. Dokar 1981 ɗin ta kuma ba iyaye dama su ba yaro sunan uba, ko na uwa, ko su haɗa biyun. Amma ba a wuce biyu, in ba haka ba jikoki sai su tashi da huɗu.

Hajiya Inna:
To ku 'yan matan zauren nan ku ji. Mu da addini ya ce a kira kowa da sunan ubansa, mu ne yanzu ake ɗaura aure yau, gobe an canza suna a Facebook. Mahaifiyata ta yi shekara 50 a gidan babanmu, ba wanda ya taɓa jingina ta da sunansa.

'Yar Gidan Liman:
Hajiya, a yi mana afuwa, wasunmu ba son rai ba ne. Wurin neman biza da makarantar yara in sunanki bai yi daidai da nasu ba, sai an yi ta tambayar ki ko ke ce uwar. Ni ban canza ba, amma na san wahalar da na sha.

Hajiya Inna:
Na fahimce ki 'yata, Allah ya ba ki lada.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Na taɓa zama da wani mutumin New Brunswick, wani lardi a gabashin Kanada, a wurin aiki, ya ce su ba mutanen Kebek ba ne, Akadiyawa ne, tarihinsu daban. Turawan Ingila sun kore su daga ƙasarsu tun daga 1755, wasu suka ƙare a Louisiana ta Amurka. Abin da ya sa na tuna shi: ya ce a ƙauyensu kusan kowa LeBlanc ne ko Cormier, don haka ba a amfani da sunan gida in ana hira. Sai a ce Paul à Joseph à Pierre, wato Paul na Joseph na Pierre. Da ya faɗa sai na ji kamar ina zango ana cewa Sule na Garba na Mai Goro.

Malamin Tarihi:
Haka ne, kuma ka taɓo muhimmin abu. A lokacin korar an ƙona ƙauyukansu, kundaye da yawa sun salwanta. Wannan jerin na baka ya taimaka musu wajen riƙe abin da takarda ta rasa. Kada mu raina abin da tsofaffinmu ke riƙe da shi a ka.

Game da Amurka kuwa, tsakanin 1840 da 1930 mutum wajen 900,000 suka bar Kebek zuwa garuruwan masaƙu irin su Lowell da Manchester da Lewiston da Woonsocket. Magatakardan masaƙa ba ya jin Faransanci. Wani sunan a fassara shi: Leblanc ya zama White, Boisvert ya zama Greenwood, Boulanger ya zama Baker. Wani a rubuta shi yadda aka ji: Benoît ya zama Benway. Wasu kuma da kansu suka canza don a daina yi musu kallon baƙi. Abin ya taɓa bin ɗaya hanyar ma. Wani yaro Bature mai suna Matthias Farnsworth, an kama shi a harin da aka kai Groton ta Massachusetts a 1704, aka kai shi Kanada ya zauna. Bakin Faransawa ya kasa furta sunan, ya koma Phaneuf, kuma har yau akwai masu amsa shi.

Bazazzagiya:
Na karanta duka, na ƙaru. Amma akwai waɗanda ba a ambata ba, kuma raina bai ba ni in yi shiru ba. Wannan kundi da ake yabo, wa ya shiga da sunansa, wa ya shiga da sunan da aka ɗora masa? An yi bauta a ƙasar nan. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙirga bayi sama da 4,000, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar, sauran baƙaƙen fata. Yaron Afirka na farko da aka rubuta a matsayin bawa a Kebek, an yi masa baftisma a 1633 aka sa masa Olivier Le Jeune. Olivier sunan wani ma'aikacin kamfani ne, Le Jeune kuma sunan limamin da ya koyar da shi. Ya rasu a 1654. Sunan da uwarsa ta raɗa masa bai shiga kundin ba. Haka matan 'yan asalin ƙasar da Faransawa suka aura, da yawa an rubuta su da sunan baftisma kawai, ba uba ba uwa. Jikokinsu in sun biyo igiyar da Malam ya faɗa, a nan take tsinkewa.

Malamin Tarihi:
Ba ni da abin cewa, 'yata, kin yi gaskiya, kuma ya kamata a ce ni na fara kawo shi. Igiyar tana da ƙarfi ga wanda limami ya ɗauka cikakken mutum ne. Mu ma in mun tashi rubuta namu, mu tuna akwai gidajen da kakarsu ta shigo ta hanyar da ba a son faɗa, aka sauya mata suna, kuma zuriyarta na da haƙƙin sanin ta.

Baban Yara:
To Malam, in na fahimta, ba ka goyon bayan kowane gida ya tsayar da suna ɗaya kamar Turawa? Ni ina ganin shi ne mafita ga wahalar takardu.

Malamin Tarihi:
Don takardar hukuma, ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai, ba laifi. Abin da nake jin tsoro shi ne a zaɓi ɗaya a jefar da sauran. Mu sunan gari aka ɗora wa da yawanmu a makaranta da bariki, shi ya sa kake jin Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sunan gari yana gaya maka inda mutum ya fito, ba ya gaya maka ɗan wa ne.

Baban Yara:
Ban gamsu duka ba. Rubutu a littafin gida wa zai adana shi? Su suna da coci da kotu. Mu gara da damina kaɗai sun isa su cinye shi.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa 'yan'uwa goma. Kundi biyu su suka yi, kai ka yi goma.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da na koma aiki na gaya wa tsohuwar abin da Malam ya faɗa game da sojan nan da matarsa. Ta ce ta san sunan Antoine, amma na Marie Major ba ta taɓa riƙe shi ba. Ta sa na rubuta mata shi da manyan baƙaƙe a bayan hoton, ƙarƙashin na kakanta.

Sai ta tambaye ni sunan kakar kakata. Na tsaya. Na san kakata da Iya, na san mahaifiyarta da Ta Gabas, domin daga gabas aka auro ta. Sunansu na yanka ban taɓa ji ba, saboda a gidanmu ba a kama sunan manya. Da na tashi aiki na kira gwaggona a Damagaram, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba za ta kama sunan uwarta ba. Na roƙe ta, sai ta kira jikarta ta raɗa mata a kunne, yarinyar ta faɗa mini. Na samu huɗu a ɓangaren mata, uku a ɓangaren maza, kowanne na rubuta sunan yanka da laƙabinsa a gefe. Ta ce in sake kira ranar Juma'a bayan la'asar, akwai wata tsohuwa a unguwar Birni da ta san wanda ya haifi Ta Gabas.